Wata Biyar da Fara Goge Motoci: Ga Inda Aka Kwana

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyon wannan sana'a. Yau wata biyar ke nan da na bar wankin mota na bakin titi na kama aikin da raina ya fi so, wato tsaftace mota ciki da waje har a dawo mata da ƙyallinta. Kawuna ya ba ni wata rumfar kwano a gefen gidansa da ke Hotoro a nan Kano, a nan nake aiki. Rumfar ita ce jarina na farko, domin motar da ta sha rana ba a taɓa fentinta: kumfa na bushewa a jiki kafin ka ɗauraye, man gogewa kuma ya daskare kafin ya yi aikinsa.

Abin da ya fi ba ni wahala a watan farko shi ne raba hannuna da tsohuwar ɗabi'a. A bakin titi bokiti ɗaya ne, soso ɗaya, omo ɗaya, daga taya har rufi. Yanzu bokiti biyu nake ajiyewa, ɗaya na ruwan sabulun mota, ɗaya na ruwa zalla. Na wanke ƙofa guda, sai na tsoma tsumman a ruwa zalla na murza shi, yashin ya zauna a ƙasa, sannan na koma bokitin sabulu. Taya da ƙasan mota suna da nasu bokitin da nasu buroshin daban. Omo kuwa na sallame shi, saboda yana cinye man kariyar da ke kan fenti, yana kuma sa baƙin robar jikin mota ya yi fari-fari.

Mu da muke arewa babban abokin gabarmu shi ne ƙurar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka wanke mota da safe, kafin la'asar ta yi buɗu-buɗu. Sai direba ko maigadi ya ɗauko busasshen tsumma ya bi ta da shi kullum da asuba, da kyakkyawar niyya, alhali kowane sharewa ɗaya karce ne. Ku samu baƙar mota da daddare ku haska tocilan waya a kan bonet, za ku ga zare-zare kewaye da hasken kamar yanar gizo-gizo. Wannan shi ne abin da ake biyanmu mu cire, kuma shi ne abin da mu kanmu muke jawowa idan muka yi gaggawa. Don haka ban taɓa sa hannu a mota sai na fara kwarara mata ruwa sosai ƙurar ta sauka da kanta.

Ruwan ma akwai magana. Na burtsatsen layinmu yana barin farin tabo idan ya bushe a kan gilashi ko fenti. Maganinsa a tsane mota nan take da tawul mai laushi na maikurofaiba, kada a bar iska ta busar da ita.

Yanzu ga abin da na fi so ku ji. A wata na biyu wani Alhaji ya kawo mini baƙar Honda Accord, ya ce a fitar masa da ita kamar sabuwa. Na aro injin gogewa irin mai juyawa a wuri ɗaya, wanda masu fenti ke amfani da shi. Bonet ya fito tas, har ina ganin fuskata a ciki. Da na zo kan tudun da ke saman tayar gaba, na tsaya a kansa bai fi ƙiftawar ido uku ba. Ina ɗaga injin sai na ga wani ɗan wuri kamar faɗin farcen babban yatsa ya dusashe, soson kuma ya ɗauko baƙi. Gabana ya faɗi. Na ƙona kiliya, na shiga cikin launin.

Ga bayanin, don kada ya faru da ku. Fentin mota hawa-hawa ne: akwai shimfiɗar ƙasa, sai launi, sai kiliya a sama, wadda ita ce mai sheƙin. Kiliyar da ta zo daga kamfani kaurinta wajen maikuron 40 zuwa 50 ne, bai ma kai kaurin takardar littafin rubutu ba. Gogewa kuwa ba cike karce ake yi ba, kankare kiliyar da ke kewaye da shi ake yi har ta yi daidai da zurfinsa. A kan tudu da gefen ƙofa kiliyar ta fi siranta, injin kuma ya fi tara zafi a wurin. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin motocin da ke hannun mutane an taɓa yi musu fenti a wani ɓangare, wasu da fila (abin da ake cike lotsawa da shi) a ƙarƙashi, ba ka san abin da mai fentin ya zuba ba.

Da Alhajin ya zo ɗaukar motarsa, tun kafin ya zagaya na kai shi wurin. Na ce, “Ranka ya daɗe, ga ɓarnar da na yi, hannuna ne. Ni zan biya mai fenti.” Ya sunkuya ya shafa wurin, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “To yaro, ka kai a gyara, Allah ya kiyaye gaba.” Kuɗin aikin gaba ɗaya a gyaran ya tafi, har na ƙara daga aljihuna. Bayan wata guda shi ne ya turo mini motar ƙaninsa.

Washegarin ranar da na nuna wa Alhaji ɓarnar na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo tsohuwar ƙofar mota, na jingina ta a bango. Sati uku ina koyo a kanta: na karce ta da gangan, na goge, na ƙona, har hannuna ya gane lokacin da ƙarfe ya fara ɗumi. Duk wanda zai sayi inji a cikinku, ina roƙonsa ya fara da mai juyawa yana lilo lokaci guda. Ya fi jinkiri, amma da wuya ya ƙona fenti. Yanzu ina liƙe gefuna da robobi da tef na takarda, ina kuma fara gwaji a ɗan ƙaramin wuri da man gogewa mafi laushi. In ya yi, ba na hawa zuwa mai kaushi. Karcen da farce ya maƙale a cikinsa kuwa, ina faɗa wa mai mota tun farko cewa wannan ya wuce gogewa, sai dai a rage masa muni ko a kai wa mai fenti.

Aikin da ya fi kawo mini kwastomomi a yanzu shi ne wanke fitilun gaba da suka yi ruwan ɗorawa. Robar ce rana ta cinye mata kariya. Sanfefa mai lamba 800 da ruwa, sai 1500, sai 2000, sai 3000, kowace ana bi da ita a gicciye da ta baya, sannan a goge. Amma dole a fesa kiliya mai kare rana a ƙarshe, in ba haka ba cikin 'yan watanni fitilar za ta koma gidan jiya, mai mota ya ce ka cuce shi.

Cikin mota ba ni da dogon labari. Injin zuƙar ƙura, buroshi mai laushi na ramukan iska, haƙuri da tabon manja. Man da ke sa dashbod ƙyalli na daina shafa shi. Ƙura yake kira, yana kuma haske idon direba da rana.

Batun kuɗi ne har yanzu nake fama. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kunna janareta ba abin wasa ba ne, ga jarkokin da nake saya a wurin 'yan garuwa ranar da babu wuta. Da farko farashin wanki nake ɗorawa ɗan ƙari, sai na tarar aikin awa shida ko bakwai nake yi a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Na sayi littafi, kowace mota ina rubuta man da na ƙona, jarka nawa, awa nawa. Daga nan na raba aikin gida uku: wanki da tsane jiki, tsaftace ciki, sai gogewa, kowanne da kuɗinsa. Kafin na karɓi makulli kuma, ni da mai motar muna zagaya ta tare ina ɗaukar hoto, abin da na tsinta a ciki, ko naira biyar ce, yana shiga leda a ba shi.

Wankin injin mota ban fara karɓa ba tukuna. Akwai wani bakanike a bayan layinmu da ya yi alkawarin nuna mini yadda ake rufe altaneta da akwatin fis da bakin shan iska kafin ruwa ya taɓa wurin. Ranar Asabar kuma akwai farar Corolla da ke jirana, ta daɗe tana kwana a gindin darbejiya, rufinta duk kashin tsuntsaye ya ci. Zan fara da wanki da yumɓun cire datti, na ga abin da ya rage kafin na kunna injin gogewa.