Libarbar da ta gagari ƙanena a Kalifoniya

Ƙanena direban babbar mota ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, takardunsa duk sun cika, kuma tun bara ya ƙwallafa rai a kan wata libarba ƙirar Faransa, Manurhin MR 73. Marigayi Baba ne ya jawo. Tsohon jandarma ne, ya taɓa ganin ta a ƙugun wani Bafaranshe da ya ba su horo, har ya bar duniya yana yabon ta. A garin Mulhouse aka soma ƙera ta a 1973, cikinta harsashi shida, ita ce kuma jandarmomin GIGN, rundunar musamman ta Faransa, suka yi suna da ita. A Amurka ba kowane shago ake ganin ta ba.

Mu nan Maradi mun ɗauka a Amurka bindiga kamar goro take, ka miƙa kuɗi a miƙo maka. Akwai jihohin da abin ya kusa haka, amma ban da Kalifoniya. Tun 2001 jihar ke da jerin ƙananan bindigogin da aka yarda dillali ya sayar. Kafin bindiga ta shiga jerin, sai kamfanin da ya ƙera ta ya kai guda uku gwaji, a harba harsashi 600 da kowace, a kuma yar da su ƙasa a ga ko za su tashi da kansu. Bayan nan kamfanin zai riƙa biyan dalar Amurka 200 duk shekara a kan kowane samfuri. Ran da ya daina biya, sunan ya fita.

To ga inda gizo ke saƙar. Tsohuwar ƙirar Mulhouse ƙanena yake so, wadda aka daina yi. Wa zai ɗauki bindigar da ba ya ƙerawa kuma ya kai ta gwaji, har ya riƙa biya mata kuɗin shekara? Babu. Libarbar da aka yi domin mutanen da ke harbi kullum safiya a wurin atisaye, ga doka, tunda ba ta cikin jerin, tana cikin “marasa aminci”, alhali ba a taɓa gwada ta ta faɗi ba. Ba ta da mai tsaya mata ne kawai.

Ya gano masu sayarwa a Texas da Arizona. Na ce masa, “Kai da kake keta jihohin nan da mota, ka tsaya ka saya mana.” Ya yi dariya ya ce, “Yaya, so kake ka zo gaishe ni a kaso?” Dokar tarayya ta 1968 ba ta yarda mutum ya karɓi ƙaramar bindiga a wata jiha ya wuce da ita gida ba, sai an aiko ta hannun dillali mai lasisi a jiharsa. Shi kuwa dillalin Kalifoniya zai buɗe jerin, bai gan ta ba, magana ta ƙare.

Ƙofofin da suka rage ƙanana ne. Idan wani mazaunin jihar yana da ita, sai su je gaban dillali su biyu ido da ido a yi cinikin. Mai ita kuwa ya san babu wata, sai ya tsuga kuɗi yadda ya ga dama. Uba ko kaka na iya ba ɗa ko jika, amma wannan rangwamen bai shafi wa da ƙane ba. Ƴan sanda jerin bai ɗaure su ba, har an gurfanar da wasu a kotu saboda sun mai da abin kasuwanci, su saya su sayar da riba. Ko ƙanena ya dace ya samu, akwai jarrabawar tambayoyi 30, da binciken tarihinsa, da jiran kwana 10 kafin ya taɓa ta.

Duk wannan ina jin sa ne ta waya, ina zaune ƙofar gida a unguwar Zariya bayan isha'i, kusa da ni maƙwabcina ne da ya kwaso iyalinsa daga wajen Gabi saboda ɓarayin daji. Shanunsa sun tafi dare ɗaya. Waɗanda suka kora su ba su cika takarda ba, ba su jira kwana 10 ba. Tun rushewar Libiya a 2011 makamai suka bazu, suna kai da kawo tsakanin dajin Baban Rafi da iyakar Katsina da Zamfara, mutanen Madarunfa da Gidan Rumji su ne shaida. Shi kuwa manomi, in ya tashi neman izinin riƙe bindiga ta hanyar hukuma, ba tafiyar yini ɗaya ba ce, shi ya sa da yawa suka tsaya ga adakar maƙera. Da na fassara wa maƙwabcin nawa kukan ƙanena, shiru ya yi, can ya ce, “Allah Ya ba mu irin matsalarsa.”

Ni dai tausayina ga yaron kaɗan ne, kuma na faɗa masa. Jiran kwana 10 ban ga aibinsa ba: wanda ya shiga shago da zuciya a wuya, kafin ranar ta zo ya huce. Jarrabawa da bincike ma haka. Jerin nan ne ban gane kansa ba. Libarba mai araha da ke ciki kisa take yi daidai da mai tsadar da ke waje, harsashinsu ma ɗaya. Wanda abin ya tare shi ne mai son tsohon ƙarfe don sha'awa, wanda ya biyo ta ƙofar gaba da katin shaidarsa a hannu.

Yanzu dabara ɗaya ta rage masa. Bindigar da ta kai shekara 50 da ƙerawa ana lissafa ta cikin kayan tarihi, jerin bai shafe ta ba, kuma ƴan farkon MR 73 sun kai. Wani dattijo a Arizona ya rantse masa tasa ƴar 1974 ce, sai dai ba shi da takarda ko ɗaya. Dillalin ya ce ba zai sa lasisinsa a kan rantsuwa ba. Da yake Faransancina ya fi nasa, ya turo mini lambar da ke jikin bindigar, wai in rubuta masa wasiƙa zuwa Faransa a duba shekarar.