Jan yauƙi da gansakuka a tankin murjani: kurakuran da na tafka

Wani ƙanena ya turo min hoton tankinsa shekaranjiya, yashin ya yi jajir kamar an shimfiɗa masa bargo, ya ce Yaya wane magani zan saya. Irin tambayar da ni ma na yi ke nan a farkon fara kiwon kifin ruwan gishiri, kuma ita ta ja min asarar da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Shi yasa na ce bari in zauna in rubuta muku, ku ƙannena da kuka fara sha'awar harkar nan, ko Allah zai sa wani ya tsallake ramin da na faɗa.

Tankina na farko lita 200 ne, a nan Kano, kuma da ruwan burtsatsen gidanmu na haɗa gishirin, don a ganina ai ruwan garau yake, shi muke sha. Ashe ruwan da ya yi wa mutum daidai ba lallai ya yi wa murjani ba (halittar teku mai rai da ake kiwo a tanki tare da kifin), yana iya ɗauke da silika da naitret da fosfet waɗanda ido ba ya gani, su ne kuma takin gansakuka. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, da zafin garin nan kullum ruwa yana tsotsewa, tururi ne kawai ke tashi, duk abin da ke narke a ciki yana nan zaune, ni kuma kullum ina ƙara na burtsatse a kai, kenan taki nake ta tarawa da hannuna. Sai da na sayi injin tace ruwa na RO/DI da ƴar mitar TDS mai auna abubuwan da ke narke a ruwa, na ga yadda ruwan da ya fito daga injin yake nuna 0, sannan na san me nake zubawa a baya. Don Allah in kuɗinka bai kai ba ka jinkirta sayen kifi ka fara sayen injin nan.

Da ƙurar nan mai ruwan ƙasa ta fara rufe gilashi da duwatsu a makonnin farko, hankalina ya tashi. Dayatom ne, kusan kowane sabon tanki sai ya yi su, in silikar ta ƙare su kan tafi da kansu. Ni ko sai na hau canza ruwa ba ji ba gani, da ruwan da ke ciyar da su.

Ga kuma abinci. Ina son in ga kifayena suna wawaso, baƙo ya zo sai na zuba, yara sun dawo makaranta sai su zuba, ragowar ta nutse bayan duwatsu ta ruɓe. Cikin wata uku koriyar gansakuka mai kama da gashi ta kama duwatsun, sannan jan yauƙin nan ya biyo baya. Shi wannan ja ɗin, siyano, ba ma gansakuka ba ne, bakteriya ce mai cin hasken rana kamar tsiro. Za ka gane shi da cewa yana ɓarewa kamar fata in ka hura masa ruwa, da yamma za ka ga ƙananan kumfa maƙale a jikinsa, da asuba ya ragu kamar ya tafi, fitila na kunnuwa ya dawo. Yana son lungun da ruwa ba ya motsi, inda datti ke kwanciya, kuma in ya hau kan murjani yana shaƙe shi.

Nan ne na yi kuskuren da ya fi ci min rai. Wani ya ce min in zuba maganin kashe bakteriya, na zuba da yamma, ban sa iska ta musamman ba, ban yi tanadin komai ba, cikin dare aka ɗauke wuta batir ya mutu. Siyano yana mutuwa yana ruɓewa yana cinye iskar da ke cikin ruwan, famfo a tsaye, ga zafi, shi kuma ruwa in ya ɗumama iskar da yake riƙewa raguwa take. Da safe na tarar da kifayena biyu masu ruwan lemo da farin zane a kwance kan yashi, waɗanda na fi so a tankin gaba ɗaya. Kuma bayan sati uku jan yauƙin ya dawo wurinsa, tunda abin da ya kawo shi ban taɓa shi ba. Ban ce maganin ba ya aiki ba, yana yi, amma shi ne na ƙarshe, sai kana gida, sai kana da tabbacin wuta da dutsen iska, wanda ke busa kumfar iska a ruwa, yana aiki.

Daga nan sai na koma ɗaya ɓangaren, na ce sai naitret da fosfet sun koma sifili. Na cika GFO, wato garin da ke tsotse fosfet, na ƙure skima, injin da ke kwashe datti ta hanyar kumfa, na rage abinci har kifayen suka rame. Sun koma sifilin kuwa, sai murjanin suka fara kodewa, sai ga wani sabon yauƙi mai ruwan ƙasa kamar majina da zare-zare da kumfa a kansa, dodon kodina suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Daino ke nan, yauƙin wasu ƙananan halittun ruwa da wasunsu ke da guba, wanda ya fi siyano wuyar sha'ani nesa ba kusa ba, kuma ya fi samun fili a tankin da aka ƙwaƙule tas. Murjani ma yana buƙatar ɗan naitret da fosfet don ya rayu. Yanzu ina barin naitret wajen ppm 5 zuwa 10 a gwaji, fosfet wajen ppm 0.03 zuwa 0.1, gishiri 1.025 a ma'aunin gishiri, zafi digiri 25 zuwa 26, kuma na fi damuwa da kada su riƙa hawa da sauka fiye da wai sai lamba kaza. Wani abu kuma, in tankinka ya cika da gansakuka gwaji ya nuna maka sifili kada ka yarda da shi, ita ce take shanyewa kafin ka auna.

Abin da ya gyara min tankin aikin hannu ne mai gundura. Duk sati in sa siririn tiyo in zuƙe jan yauƙin tare da canza kashi 10 cikin ɗari na ruwan, in tsige koriyar da yatsa in goge da tsohon buroshin haƙori, in fitar da ita waje kada ta watsu. Na ƙara famfon motsa ruwa na juya shi ya riƙa share lungunan. Fitila na dawo da ita awa 8, na kuma ja labule don hasken taga yana bugun gefe ɗaya da hantsi. Daskararren abinci sai na narkar na tsiyaye ruwan, kuma ni kaɗai ke bayarwa, daidai wanda za su cinye a minti ɗaya ko biyu. Dodon kodi irin su torokus da tarbo suna taimakawa sosai in ka rage musu tsayin gashin, amma siyano yawancinsu ba sa kula shi. Na taɓa rufe tankin ruf kwana 3 ba haske, ya rage shi ƙwarai, sai dai da ban gyara ruwa da motsi ba da dawowa zai yi. Sai da na yi wajen wata uku a haka kafin yashina ya koma fari, kuma a makonnin farko kamar ba abin da ke canzawa, nan ne mutum yake jin kamar ya koma shago ya sayo wata kwalba.

Shi ƙanen nawa na ce masa kada ya sayi komai tukuna, ya turo min abin da mitar TDS ta nuna a ruwan da yake ƙarawa, da awa nawa fitilarsa take yi, da kuma wa da wa ke ba kifin abinci a gidan. Ya ce ruwan leda yake amfani da shi kuma bai taɓa aunawa ba, ranar Asabar zan kai masa mitata da tiyo mu fara zuƙewa tare.