Rubu'in Juyin da Ya Ɓace a Akwatin Giyar Tsohon Bonanza

Jirgin da nake magana a kansa Beechcraft Bonanza ne, ƙirar shekarun 1960, daga cikin masu jela mai siffar V, irin da kamfanin ya fara fitarwa kasuwa a 1947 daga masana'antarsa da ke Wichita a Amurka. Ƙafafunsa uku suna naɗewa su shige cikin jikinsa bayan ya tashi, kuma ba da matsin mai suke aiki ba, wutar lantarki ce ke motsa su. Ƙaramin injin lantarki guda ɗaya ne ke juya wani akwatin giya da ke ƙarƙashin kujerun gaba, daga akwatin kuma sandunan ƙarfe suka miƙe zuwa ƙafar hanci da ƙafafu biyu na fikafikai. Ma'anar wannan ita ce, duk ƙafafun nan uku sun rataya ne a kan haƙoran giya ɗaya, kuma idan haƙoran suka ci amana, jirgin zai sauka a kan cikinsa, farfela ta lanƙwashe, a kuma buɗe babban injin da ke juya farfelar gaba ɗaya don a duba shi.

Mun gano matsalar ne lokacin binciken shekara, bayan mun ɗora jirgin a kan jak muna naɗe ƙafafun muna sake su. A duk lokacin da suka gama sauka, sai in ji wani ɗan dum daga ƙarƙashin kujera, wanda mai jirgin ya ce ya daɗe yana ji har kunnensa ya saba. Injiniyan da nake aiki a ƙarƙashinsa, wanda shi ke da lasisin sa hannu a littafin jirgin, bai ce komai ba, ya dai cire makatsin wuta, ya buɗe hannun juyawa na gaggawa da ke bayan kujerun gaba, ya ce in murɗa. Wannan hannu shi ne abin da matuƙi ke dogara da shi idan wuta ta ɗauke a sama, domin da shi yake sauke ƙafafun, kimanin juyi 50 zuwa hagu. A ƙa'ida, bayan inji ya gama sauke ƙafafun ya tsaya, ya kamata a samu sauran ɗaya bisa takwas zuwa rubu'in juyi kafin giyar ta kai ga tokarin da ke cikin akwatin. Na murɗa, hannun ya ƙi motsi ko kaɗan, wato injin yana tura giyar har sai ta daki tokari a kowace sauka.

Fitar da akwatin ya ci mana yini guda, saboda sai an cire kujeru da murfin da ke kansa, an kuma sa wa kowace sanda alama kafin a kwance ta. Da muka buɗe shi a kan tebur, man da ya zubo yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin zinariya, wanda kuwa ba komai ba ne illa tagullar giyar da ta goge. A cikin akwatin akwai wata sanda ta ƙarfe mai murɗaɗɗen zare, wadda ake kira tsutsa, tana cizon haƙoran wata giya ta tagulla. An haɗa ƙarfe da tagulla ne da gangan, domin mai laushin ya riƙa ɗaukar gugar, kuma wannan tsari yana da wata fa'ida da nake ganin ta fi kowace muhimmanci: tsutsa tana juya giya, amma giya ba ta iya juya tsutsa, don haka nauyin ƙafafu ba ya mayar da injin baya. Haƙoran tsakiya sun goge daidai gwargwadon shekarunsu, amma na ƙarshe, inda dukan yake sauka, sun yi siriri, ɗaya ma ya fara tsagewa daga gindi. Boris ɗin da ke riƙe da tsutsar shi ma ya saki, har tana ɗan zamewa gaba da baya idan an tura ta da yatsa.

A nan ne muka yi doguwar muhawara da mai jirgin, wanda ya so a goge haƙoran a mayar, tunda ba a samun irin wannan giya cikin sauƙi. Ban ga laifinsa ba, domin wanda bai taɓa neman kayan jirgin da ya haura shekara 50 ba bai san zafin jira ba. Sai dai haƙorin da ya tsage ba ya warkewa da magagari, kuma ba a ƙera kayan jirgi a gefen hanya a ɗaura, dole ne kowane yanki ya zo da takardar da ke nuna asalinsa. Muka jira har aka samo giya da tsutsa masu takarda, muka canza su tare, saboda sabuwar giya a kan tsohuwar tsutsa ba za ta zauna daidai ba. Muka sa sabon boris da sababbin robobin hana yoyo, muka zuba man da littafin gyara ya ambata daidai ma'auninsa, domin idan ya yi yawa yakan bi ta sanda ya malalo cikin jirgi.

Da mun tsaya a nan, da sabuwar giyar ma ta bi sahun tsohuwar, domin abin da ya cinye ta yana wajen akwatin. Akwai ƙananan makunnai da ke yanke wuta idan ƙafafun sun kai iyaka, akwai kuma wata na'ura da ke yi wa injin birki ta hanyar lantarki, ta yadda zai tsaya cak maimakon ya ci gaba da juyawa da sauran ƙarfinsa. Bakin da wuta ke haɗuwa a cikin wannan na'ura ya ƙone, birkin ba ya kamawa, kuma wani a baya ya taɓa saitin makunnin ba tare da ya rubuta a littafi ba. Wannan rashin rubutun ya fi komai ɓata mini rai a aikin gaba ɗaya.

Bayan mun canza na'urar, mun gyara saitin, mun kuma auna da sikeli ƙarfin makullin da ke hana kowace ƙafa naɗewa bayan ta sauka, sai muka naɗe ƙafafun muka sake su sau da yawa da wuta mai cikakken ƙarfi, tunda batir mai rauni yana ba da saitin ƙarya. Daga nan na sauke su da hannu tun suna naɗe gaba ɗaya ina ƙirga juyi, na mayar da hannun mazauninsa kafin a maido da wuta, domin idan aka bar shi a buɗe yana juyawa tare da inji, yana kuma iya karya yatsu. A gwajin ƙarshe ƙafafun suka sauka ba tare da dum ɗin nan ba, na cire makatsi na murɗa hannun, ya tafi kusan rubu'in juyi kafin ya tsaya, sannan injiniya ya ɗauki biro ya jawo littafin jirgin.