Jitar da Masu Katakon Keken Ɗinki Suka Ƙera

A wani shago da ke Sabon Garin Kano, irin shagunan nan da ke sayar wa majami'u da makaɗan biki ganguna da sifikoki, na ci karo da jitar da nake kaɗawa yanzu. Ba ita ta kai ni ba, wayar haɗa jita da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, na je saya, sai idona ya faɗa kan wata jita mai faɗin jiki da aka jingine a lungu bayan kwalaye, ƙura ta lulluɓe ta, jan fentinta ya koɗe ya koma kamar na goro, kuma cikin tsirkiyoyinta shida huɗu ne suka rage, su ma duk tsatsa ta cinye su. A kanta an rubuta Westone, sunan da kunnena bai taɓa ji ba a lokacin, a bayan kan kuma an buga cewa a Japan aka yi ta. Da mai shagon ya ga na tsuguna a gabanta sai ya ce, "Malam, rabu da wannan, tsohuwa ce, cikin kayan gwanjo ta zo. Ga manyan sunaye nan a rataye, sababbi fil." Na ɗaga kai na dubi waɗanda yake nuna mini, na ga sunayen manya ne da gaske, amma farashin da ya faɗa kaɗai ya isa ya gaya wa mutum cewa jabu ne.

Abin da ya tsayar da ni shi ne ramukan nan biyu masu siffar harafin f da ke fuskarta. Na kunna tocilan wayata na leƙa ta ɗaya daga cikinsu, sai na ga abin da nake fatan gani: wani dogon gungumen katako a kwance a tsakiyar cikinta, tun daga gindin wuya har ƙarshen jiki, gefe da gefensa kuma kogo ne. Wannan gungumen shi ne asirin irin wannan jita. Jitocin da makaɗan jaz (wani salon kiɗa da ya samo asali a Amurka) na farko suka yi amfani da su kogo ne gaba ɗaya, kamar ƙoƙon garaya, kuma suna da murya mai kauri da taushi, sai dai da zarar an ƙure sautin amfilifaya, iskar da ke fitowa daga sifika takan girgiza fuskar jitar, girgizar ta koma cikin sifikar, nan take wuri ya ɗauki wani irin kuka mai huda kunne. Jita mai dunƙulallen katako ba ta cika wannan kukan ba, amma muryarta ba ta da wannan iskar da kogo ke bayarwa. A shekarar 1958 kamfanin Gibson na Amurka, ƙarƙashin shugabancin Ted McCarty, ya fito da samfurin ES-335, wanda ya raba gardama ta hanyar dasa katako a tsakiya domin ya riƙe jakin tsirkiya da maganaɗisun ɗaukar sauti, ya kuma bar fukafukai biyu a matsayin kogo. Tun daga nan kusan duk wata jita mai rabin kogo da aka ƙera a duniya, daga wannan tsari ta samo asali, kuma wadda ke gabana ɗaya ce daga cikin jikokinta.

Kafin in buɗe baki in taya, na yi mata binciken da ya kamata a yi wa kowace jita ta hannu. Na ɗaga ta na saita ido daga kai zuwa jiki kamar mai duba miƙewar gora, wuyan bai murɗe ba. Na shafa bayan kai, wurin da wuya ke lanƙwasawa, domin nan ne irin waɗannan jitoci ke karyewa idan suka faɗi, ban ji tabon gyara ko tsagewa ba. Ƙarafan da ke jere a wuya sun ɗan ci a wajen na farko zuwa na biyar, alamar cewa mai ita na da ya kaɗa ta sosai amma bai cika hawa sama ba. Da muka jona ta sai ɗaya daga cikin maɓallan ƙara sauti ya riƙa ƙarar yashi idan an murɗa shi, ramin da ake soka waya kuma yana rawa. Waɗannan duk ciwon tsufa da rashin kula ne, kuma su na kafa hujja da su wajen ciniki. Ya ce albarka har sau uku, na kama hanya na kai bakin ƙofa, sannan ya kira ni ya sallama a kan kuɗin da bai kai na matsakaiciyar wayar hannu ba.

Sai da na koma gida na bi diddigin sunan, kuma abin da na tarar ya ba ni dariya da mamaki a lokaci guda. Jitar samfurin Rainbow ce, kuma masana'antar Matsumoku da ke birnin Matsumoto a lardin Nagano ce ta ƙera ta. Wannan masana'anta asalinta kafintoci ne, kuma sana'ar da ta ɗaukaka ta tun farkon shekarun 1950 ita ce yi wa kamfanin Singer teburan katako na keken ɗinki, wato dangin keken da yawancinmu muka tashi muka gani a ɗakunan iyayenmu mata da shagunan teloli. A shekarun 1960 suka shiga ƙera jita, suka yi wa sunaye da dama aiki, ciki har da Aria da Epiphone, kafin a rufe masana'antar a 1987. Lambar da ke bayan kan tawa ta fara da 2, wanda a lissafin wannan masana'anta yake nufin 1982. Mutanen da suka shafe shekaru suna manna falle-fallen katako, suna busar da shi yadda teburin keke ba zai kumbura ko ya tsage ba, ba abin mamaki ba ne su iya jikin jita mai rabin kogo, domin shi ma falle-fallen katako ne da aka manne aka danna a cikin mazubi har ya yi doro. Kuma ba su kaɗai ba ne a Japan ta wancan zamani: John Scofield, wanda duk mai sauraron jitar jaz ya san shi, ya yi shekaru da dama yana kaɗa jitar Ibanez AS200, ita ma mai rabin kogo ce ƙirar Japan ta farkon shekarun 1980.

Gyaran ne ya fi cin rai. Irin wannan jita ba ta da murfi a baya, saboda haka duk wanda zai taɓa wayoyinta dole ya zaro su ta ramin nan mai siffar f, ya gyara, sannan ya mayar da kowane maɓalli cikin hudarsa ba tare da yatsa ya isa wurin ba. Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, wanda ya ce bai taɓa buɗe jita ba a rayuwarsa. Ya juya ta, ya leƙa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya aiki yaronsa kemis ya sayo siririyar robar ƙarin ruwa. Ya cusa bakin robar a kan sandar kowane maɓalli kafin ya kwance shi, ya tura shi ciki, ya jawo shi ta ramin yana jan robar a baya. Da ya gama wankewa da liƙa dalma, sai kawai ya ja robar daga waje, maɓallin ya biyo ta ya leƙo ta hudarsa. Na ce, "Baba, a ina ka koyi wannan?" Ya ce, "Ɗana, rediyon da muka gyara a da sun fi wannan ƙuncin ciki." Daga baya na ga cewa masu gyaran jita a ƙasashen waje ma da irin wannan dabarar suke aiki.

Na ɗaura mata tsirkiyoyi masu santsi, waɗanda aka naɗe da shimfiɗaɗɗen ƙarfe maimakon zagayayyar waya, masu kauri lamba 12, alhali hannuna ya saba da sirara lamba 9. Sai da na sa aka kawo mini su daga Legas. Da yake sun fi jan wuya, na ɗan ɗaure sandar ƙarfen da ke cikinsa da rubu'in murɗi, na bar ta ta kwana, na sake dubawa. Makon farko yatsuna sun ji jiki, kuma na gane cewa yawancin abin da nake ɗauka gwaninta ce a tsohuwar jitata, lanƙwasa tsirkiya ne da ɓoyewa a bayan ƙarar amfilifaya. A nan babu maɓoya. Idan aka zaɓi maganaɗisun da ke kusa da wuya, aka rage kaifin sauti zuwa wajen rabi, aka bar amfilifaya ba tare da wani ƙarin gishiri ba, kowane sauti yakan fito a dunƙule, da ɗan bugu a farkonsa kamar an ƙwanƙwasa ƙwarya, sannan ya lafa a hankali. Idan aka haɗa sauti huɗu a lokaci guda, kowanne ana jin sa daban, kuma wanda yatsa bai danna da kyau ba shi ne zai fara tona asiri. Dole ta sa na rage gudu, na kuma rage ƙarfin hannun dama, domin ta fi amsawa idan an lallaɓa ta.

Ban ce ba ta da nata wahalhalun ba. Tana da nauyi fiye da yadda siffarta ke nunawa, faɗinta kuma yakan gajiyar da kafaɗar dama idan aka daɗe a zaune, kuma duk da gungumen tsakiyar, idan na tsaya dab da sifika a ɗaki ƙarami takan fara gunaguni. Sai dai maganaɗisunta masu naɗi biyu, irin waɗanda Seth Lover, injiniyan kamfanin Gibson, ya ƙirƙiro a tsakiyar shekarun 1950 domin su kashe ƙugin lantarki, sun yi mini rana a gidan da rabin wutarsa daga janareta take zuwa. Idan kuma wutar ta ɗauke gaba ɗaya, kogon yana ba da sautin da ya ishi mutum ɗaya a cikin ɗaki. An san cewa Wes Montgomery, shahararren makaɗin jitar jaz, ya koma kaɗawa da babban yatsa ne saboda kada ya dami mutane da dare, kuma a gidan haya mai ɗakuna manne da juna na fahimci dalilinsa ba tare da an yi mini bayani ba. Yanzu bayan sallar isha'i nakan ajiye ɗan robar kaɗawa in yi da tsokar yatsa.

Hunturu ne babban abokin gabarta. A Disambar farko da ta yi a hannuna, iskar ta busar da katakon wuyan har ya ɗan tsuke, bakunan ƙarafan suka fito suna karce mini tafin hannu, tsirkiyoyin kuma suka kwanta suna taɓa ƙarfe. Na sassauta sandar wuyan kaɗan, na goge bakunan da ƙaramar zarto mai laushi bayan na rufe katakon da salatif, sannan na nemo akwati na sa ta ciki tare da jiƙaƙƙen soso a cikin gidan sabulu da na huhhuda. Duk bayan kwana uku nake sake jiƙa sosan har zuwa faɗuwar ruwan farko, daga nan sai in cire shi, in koma goge tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa saboda tsatsar damina. Tun cikin watan jiya na fito da gidan sabulun na wanke shi, domin sanyin safiya ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.