Miletus, garin da teku ta gudu ta bari

A watan Maris na hau jirgin ƙasa daga Izmir zuwa Soke, daga nan na shiga ƙaramar bas ɗin da Turkawa ke kira dolmush. Hagu da dama gonakin auduga ne da ba a kai ga shukawa ba. Sai da na sauka kusa da ƙauyen Balat na tuna cewa filin nan da muka ratso, a da teku ne. Miletus gari ne mai tashar jiragen ruwa har huɗu, amma kogin Menderes ya yi ta jibge laka a bakinsa har ruwa ya ja baya kusan kilomita 10.

Talis ne ya kawo ni, masanin falsafar Girka ɗan wannan gari, mutumin da ya ce asalin komai ruwa ne. An ce ya faɗi zuwan husufin rana na shekarar 585 kafin haihuwar Annabi Isa tun bai auku ba. Ni dai labarin da Aristotal ya kawo ya fi yi mini daɗi. Mutane sun yi masa gorin talauci, wai ilimi bai tsinana masa komai ba. Da ya hango zaitun zai yi albarka, tun da hunturu ya bi wuraren matsar mai ya ba da kafin alƙalami da arha. Kaka ta yi, kowa sai ta hannunsa. Ko ɗan kasuwar Dawanau sai ya sara masa.

Anaksimanda, wanda ake cewa almajirinsa ne, bai yarda da zancen ruwan ba. Ya ce asalin wani abu ne marar iyaka, ba ruwa ba, ba wuta ba. Anaksimenis ya zo ya ce iska ce, in ta yi kauri ta zama gajimare, ta zama ruwa, har dutse. Gari guda, kowa na warware saƙar na gabansa da hujja.

Kusan babu abin da ya rage daga zamaninsu, Farisawa sun rushe garin a 494 kafin haihuwar Annabi Isa. Katafaren dandalin wasan da ake ɗauka hoto ginin zamanin Rumawa ne. Tsohuwar kasuwar kuwa na tarar da ita cike da ruwan sama, ginshiƙai tsaye a ciki, kwaɗi na ta kuka. Na yi kasadar tsallakawa, ƙafata ta nutse har idon sawu. A ƙofar masallacin Ilyas Bey, wanda aka gina a 1404, na zauna na shanya safata.