Ayyuka 14, Alabe Ɗaya

Ƙaramar Sallar 2018 ta faɗo ranar 15 ga Yuni, ranar da dokar hana aiki cikin rana take farawa a Saudiyya kowace shekara. Daga 12 na rana zuwa 3 na yamma ba mai sa ma'aikaci aiki a fili, har 15 ga Satumba. Mu kuwa rabin aikinmu a kan rufin bene yake, inda manyan injinan sanyi suke zaune. Daren nan, bayan an gama yawon barka da salla, na ɗauki biro na ƙirga kwanakin da suka rage kafin alhazan farko su fara sauka a tsakiyar Yuli. Na cire Juma'o'i, na cire awa uku daga kowace rana. Lissafi ya ƙi fita ko ta ina na ɓullo masa.

Kamfanin da nake wa aiki ƙarami ne, na wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka, wanda kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya ratso Sudan, ya ƙetare Bahar Maliya bai sake komawa ba. Muna girka na'urorin sanyaya ɗaki, waɗanda kowa a nan yake kira mukayyif, muna gyaransu, muna haɗa wuta da famfo. Manyan masu ba mu aiki su ne masu benayen Aziziyya, unguwar da ke maƙwabtaka da Mina, inda gida kan wuni a rufe kusan duk shekara, sannan ya ci kuɗinsa na shekara a lokacin Hajji. Ni daga Kano na zo da takardar injiniya, kowa kuma Muhandis yake ce mini, har Alhaji mai kamfanin.

A wannan daren muna riƙe da ayyuka 14, tara a Makka, biyar a Jidda. Kowane aiki da mai kula da shi, kowane mai kula kuma yana da lambar wayar Alhaji. Ga yadda ake rabon ma'aikata: wanda ya riga kira, ko wanda mai gidan da yake wa aiki ya fi faɗa, shi ake tura wa mutane da safe. Kafin azahar wani ya kira ya yi rantsuwa, sai a kwashe su a kai masa. Shekara da shekaru a haka ake tafiya, kuma ana ci, domin riba tana da kaurin da za ta rufe ɓarna.

Shekarar 2018 ce ta kankare wannan kauri. A watan Janairu aka fara karɓar harajin saye da sayarwa na kashi 5 cikin 100, aka ƙara kuɗin fetur da na lantarki, aka kuma ɗora wa kamfanoni kuɗin wata-wata a kan kowane ma'aikaci baƙo: riyal 300 ko 400, gwargwadon yawan 'yan ƙasa da kamfani ya ɗauka, tare da sanarwar cewa zai hau zuwa 700 da 800 a 2020. Wato lebura ko yana aiki ko yana zaune a inuwa yana jiran makaniki, kuɗin nan yana tafiya, ban da albashi da sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, da ɗakin kwana.

Na taɓa yin wani kwas na dare a Jidda inda malamin, Bamisire, ya yi mana bayanin abin da Larabawa suke kira mahfazatul mashari'i. Mahfaza dai alabe ne. Manufar ita ce kamfani ya daina kallon ayyukansa ɗaya-ɗaya, ya zuba su a alabe ɗaya, tunda daga aljihu ɗaya suke ci kuma mutane ɗaya suke ja. Mai kula da aiki guda yana tambayar yadda zai gama nasa. Mai riƙe da alabe yana tambayar wanne za a fara, wanne zai jira, wanne ma bai kamata a karɓa ba. Cibiyar PMI ta Amurka, ta ƙwararru kan tafiyar da ayyuka, ta rubuta ƙa'idojin abin tun 2006, manyan kamfanoni kuma har ofis suke ware masa. Na ci jarrabawar kwas ɗin na ajiye takardun a kan kabad. Sai daren sallar nan na sauko da su.

Na fara yadda aka koya mana, na kuma sha ƙasa. Na buɗe Excel na jera ayyukan, na ce kowane mai kula ya ba aikinsa maki daga 1 zuwa 5 a kan riba, gaggawa da muhimmancin mai aikin. Takardu suka dawo, duka biyar-biyar. Ban ga laifinsu ba, wa zai ce ɗansa ne mummuna?

Akantanmu ne ya ba ni bakin zaren ba tare da ya sani ba. Yana ƙorafin kuɗin mai, ya ce shi bai gane dalilin da babban makanikinmu yake zuwa Jidda ya dawo har sau biyu a rana ɗaya ba. Na tsaya na yi tunani. Ma'aikatanmu sun kusa 60, amma masu iya buɗe babban injin sanyi na bene su gano ciwonsa, su cika masa gas, su tashe shi, mutum uku ne kacal. Duk aikin da ka duba, a hannun ɗayansu yake ƙarewa. Cikin ukun nan kuma ɗaya ɗan Filifin ne Kirista, ba zai wuce shingen Shumaisi ya shiga Makka ba, domin wanda ba Musulmi ba ba ya shiga. Ayyuka tara ke nan a wuyan mutum biyu: wani ɗan Pakistan, da babban, Bahaushen Sudan daga Mai Wurno a gefen Sinnar, wanda in ya kara kunne a jikin inji zai faɗa maka abin da ke damunsa kafin a kwance ƙusa ɗaya.

Sai na jefar da makin. Na zana makonni a sama, sunayen mutum ukun nan a gefe, na bi masu kula ɗaya bayan ɗaya ina tambaya: wane mako kake bukatar wane, kwana nawa? Da na cike guraben, mako na biyu na Yuli ya nuna ana jiran Basudanen a wuri huɗu, kowanne an yi wa mai gida alkawarin kwana biyar cif. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa ya yi alkawari ne da zaton mutumin nasa ne shi kaɗai.

Daga nan sauran ɓarnar ta riƙa fitowa da kanta. Leburori goma suna wuni a gindin bene suna jiran makaniki da ke kan hanyar Jidda. Ƙarafan hawa da muka yi haya suna kafe a jikin wani gini mako shida ba wanda ya taka su, haya tana ƙirguwa. Kowane mai kula yana sayen bututun jan ƙarfe da tukunyar gas da kansa a farashin ɗai-ɗai, ragowar kuma tana kulle a ɗakin ajiyarsa, yayin da na kusa da shi yake kasuwa yana sayen irinta. Wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba. Muka haɗa saye wuri ɗaya, muka tattaro ragowa a sito ɗaya, muka mayar da ƙarafan. Mutanen ofis sun fi yaba wannan domin ana ganinsa a takardar biyan kuɗi, amma ni na san ƙaramin abu ne a kan wanda ke gaba.

Takardar ta nuna ƙarara cewa sai an dakatar da ayyuka uku kafin sauran su kai. Biyu ba matsala. Na ukun gida ne a Jidda na surukin Alhaji, yayan matarsa, aikin da ba tara a kansa in an makara, ba kuma kuɗi a hannu, amma yana cin Basudanen kwana biyu kowane mako saboda mai gidan ya ce shi kaɗai ya yarda ya taɓa masa inji. Benayen Aziziyya kuwa, in ba a gama ba, masu su ba za su sami takardar izinin saukar alhazai ba, shekararsu ta tafi, tamu ma ta bi ta.

Na sami Alhaji bayan la'asar, an kawo shayi. Na shimfiɗa takardar a gabansa ban ce komai a kan suruki ba.

"Allah ya ƙara girma, ga mako na biyu na Yuli. Wurare huɗu ne, mutum ɗaya. Ku za ku zaɓa mana inda zai je."

Ya sa tabarau ya bi layin da yatsa. Ya daɗe a kan gidan Jidda.

"Muhandis, ka san gidan wa ne wannan?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To ka san ba a aika wa irinsa saƙo a waya."

Washegari da kansa ya shiga mota ya tafi Jidda, ya ci abincin rana a gidan, ya dawo da izinin a ɗage aikin zuwa bayan Hajji. Abin da suka faɗa wa juna ban ji ba, ban kuma tambaya ba. Na dai lura da abu ɗaya: shekara uku ina gaya masa da baki cewa mun ɗebo da yawa, yana cewa Allah zai rufa asiri. Ranar da ya ga suna ɗaya a gida huɗu, bai yi musu ba.

Sai kuma nawa kuskuren, wanda har yanzu in na tuna nakan ji kunya. Daɗin ganin komai ya jeru ya ɗebe ni, na cike wa makanikan nan kowace rana tun daga Asabar har Alhamis, ban bar ko rabin wuni ba. A ganina gurbi asara ne. Ana cikin haka aka yi wa Basudanen rasuwa, mahaifiyarsa, ya tafi gida. Jadawalin da ba shi da wurin numfashi ya rushe a kwana biyu, domin kowane aiki yana jingine da na gabansa. Ɗan Filifin yana Jidda hannunsa sake, ba damar kawo shi. Ƙarshenta muka ɗauko makanikai daga wani kamfani a farashin lokacin Hajji, wanda ya cinye kusan duk abin da muka tara daga haɗa saye. Na kuma mayar da motar ɗaukar kaya guda da muke haya, wai ɗaya ta isa tsakanin garuruwan biyu tunda tafiyar ba ta fi awa ɗaya ba. Na manta cewa in Hajji ya gabato sai da takardar izini ake shiga Makka, layin Shumaisi kuma yakan miƙe. Mun gama benayen, amma na ƙarshe ana share shi motar alhazai tana tsaye a ƙofa.

Tun daga lokacin, kwana ɗaya a mako ba na rubuta wa makaniki komai, kuma ban taɓa ganin ranar ta wuce a banza ba. Muka kuma ware samari biyu daga 'ya'yan Hausawan Makka suka riƙa bin Basudanen duk inda ya sa ƙafa. Ya ɗan yi ƙyashi da farko, daga baya ya riƙe su kamar ƙannensa.

A 2019, da kuɗin ma'aikaci baƙo ya hau zuwa 500 da 600, na zo da wata shawara da nake ganin ba ta da makusa. Muna da ƙananan kwangilolin shekara a Jidda, kula da ɗakunan sanyi na wasu kantunan abinci da sitocin magani. Ribarsu siririya ce, kiransu ba dare ba rana. Takardata ta ajiye su a can ƙasa. Na ce a sake su, a tattara ƙarfi a Aziziyya inda kuɗi yake.

Alhaji ya ce a'a. Na kawo lissafi, ya saurara har na gama.

"Ɗana, Aziziyya sau ɗaya take haihuwa a shekara. Waɗannan kullum suna ba da nono, ko da kaɗan ne. A bar su."

Na fita ina ganin tsufa ne kawai da son tsofaffin abokan ciniki. A ƙarshen Fabrairun 2020 aka dakatar da shigowar masu Umra saboda korona. Hajjin shekarar mutane ƙalilan ne daga cikin ƙasa suka yi shi, benayen Aziziyya ba a ko buɗe su ba, a watan Yuli kuma harajin saye ya tashi daga kashi 5 zuwa 15. Abinci da magani kuwa dole a sanyaya su ko gari yana kulle. Waɗannan kwangiloli da na so yarwa su suka biya albashi wata da watanni. A kwas ɗin nan an ambata mana Harry Markowitz, masanin tattalin arziki wanda tun 1952 ya nuna cewa mai zuba jari ya duba yadda kadarorinsa suke tashi da faɗuwa tare, kada ya tsaya a ribar kowace ita kaɗai. Na rubuta sunan a jarrabawa na ci maki. Alhaji bai taɓa jin sunan ba. Jadawalina yana da gurbin riba, da na lokaci, da na ma'aikata, amma ba shi da gurbin da zai nuna cewa tara cikin ayyukanmu duk abu ɗaya suke jira, saukar alhazai. Na ƙara wannan gurbi a watan da aka kulle gari, ina zaune a ɗaki.

Yanzu kowace Lahadi da safe muna zama na minti 40, masu kula duka, takarda ɗaya a bango. Ba mai kiran Alhaji a bayan fage ya roƙi makaniki, ko ya kira ma zai ce masa ya kawo maganar ran Lahadi. Sabon aiki in ya zo, kafin a yi maganar farashi sai an nemo masa mako da mutum. Mun mayar da ayyuka da dama a kan haka, har da wani babba da na kwana biyu ina jin zafinsa.

Gidan suruki kuwa an gama shi a Muharram ɗin da ya biyo bayan Hajjin 2018. Ɗaya daga samarin nan biyu ne yake zuwa duba masa injin yanzu, kuma ya daina tambayar ina Basudane.