Asabar a Fern Tree: sheƙa a rumfar itace

Yau ba ni da aiki, don haka bayan sallar asuba ban koma barci ba. A nan Fern Tree, wata unguwa a tsibirin Tasmaniya na kudancin Ostireliya, watan Oktoba sanyi ke ja da baya, gari na wayewa da wuri, tsuntsaye kuwa kowa ya shiga hidimar gini. Tun da duku-duku namijin wani tsuntsu mai fito da ke zaune a bayan gidanmu ya fara. Fito ne mai kauri, tas, babu gargada: gajeru uku ko huɗu a jere, sannan ya ja na ƙarshen ya ɗaga shi sama. Da ya yi shiru sai macen ta amsa daga wajen kwari. A littafi sunansa grey shrike-thrush, amma Kaka, tsohuwar da nake haya a ɗakin bayan gidanta, Joe Whitty take ce masa, yadda tsofaffin tsibirin nan suka saba.

Da hantsi ta aike ni rumfar itace in ɗebo mata na murhu. Ina miƙa hannu sai na ji fir, abu ya wuce ta gefen kunnena. A kan katakon da take jera tsofaffin gwangwanayen fenti, can lungu, ga sheƙa an ɗora, kamar ƙaramin ƙoƙo, an saƙa ta da zaren ɓawon bishiyar turare da busasshiyar ciyawa, an shimfiɗe cikin da ƙananan saiwoyi. Ƙwai uku, farare, da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa da ya fi taruwa a gefe mai faɗi. Ban taɓa ba. Na ja da baya a hankali, na tsaya bakin ƙofa. Macen ba ta yi nisa ba, tana kan shinge tana kallona da ido ɗaya, kai a karkace. A nan na kalle ta da kyau: tsawonta bai wuce santimita 24 ba, jiki ruwan toka, baya ya ɗan ja zuwa ruwan ƙasa, ƙirji da siraran zane. Namijin ya fi ta baƙin baki, kuma yana da fari tsakanin ido da baki. Babu ja, babu shuɗi, babu wani ado. Wanda bai ji muryar ba zai wuce shi bai waiwaya ba.

Na koma da murna na gaya wa Kaka, sai na ga fuskarta ta sauya. Ashe gobe ɗanta zai zo da injin yankan katako. Shirinsu shi ne a kwashe itacen rumfar a mayar nesa da gida, a share ganyen da ya taru, a yanyanka kututturan da suka faɗi a gangaren kwari, duk kafin zafi ya shigo da wutar daji. Kuma ba zan ce ba ta da gaskiya ba. Tana yarinya aka yi gobarar 7 ga Fabrairu 1967, wadda ta ci kudancin Tasmaniya, ta kashe sama da mutum 60, ta ƙone gidaje fiye da 1,000, kuma unguwar nan ta gindin dutsen Wellington na cikin wuraren da wutar ta fi yi wa ɓarna. Idan tana ba da labarin ranar hannunta har rawa yake yi. Na ce, “Kaka, ki ba ni zuwa yamma, mu yi shawara.” Ta ce to.

Na ɗauko littafin tsuntsayenta da ya tsufa na zauna a baranda, inda nake hango rumfar. John Latham, wani likita Bature masanin tsuntsaye da bai taɓa taka Ostireliya ba, shi ya fara bayyana tsuntsun a 1801, ya jefa shi cikin dangin tsuntsayen Turai da ya sani. A 1827 wasu masana biyu, Vigors da Horsfield, suka kafa jinsin Colluricincla, yau kuma sunansa na kimiyya Colluricincla harmonica, cikin zuriyar Pachycephalidae, masu fito na Ostireliya da Niyu Gini da tsibiran kewaye. Reshe biyar aka kasa shi. Na gabashin ƙasa shi ne harmonica. Na yamma da tsakiya, rufiventris, ƙarƙashin wutsiyarsa ja-ja ne. Na arewa, brunnea, ya fi kowa ruwan ƙasa. Waɗannan biyun a da ana ƙirga su a matsayin tsuntsaye daban. Akwai superciliosa na Cape York, a arewa maso gabashin Ostireliya, da gabashin Niyu Gini. Namu na Tasmaniya da tsibiran mashigin Bass, tekun da ya raba mu da sauran Ostireliya, shi ne strigata, wanda ya fi su dogon baki.

Taswirar da ke gefen shafin kusan duk an shafe ta da launi. In ban da tsakiyar hamada mafi bushewa, babu inda ba ya zaune: kurmi, dajin turare, ƙananan itatuwan bakin teku, gonaki masu sauran bishiyoyi. Shi ya sa IUCN, hukumar kare halittu ta duniya, ta sa shi cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, taswira ta nahiya ce, amma namiji da macen nan na bayan gidanmu ba su san nahiya ba. Tsuntsu ne da ba ya ƙaura. Miji da mata sukan zauna tare har mutuwa ta raba, a fili ɗaya da bai fi hekta 10 ba, shekara da shekaru. Kwarin bayan gidan nan shi ne duniyarsu kakaf. A unguwannin manyan birane inda aka share ƙasa tas aka shuka ciyawar ado, muryarsu ta yi ƙaranci, alhali a kan taswirar ba za a ga gibin ba.

Ina zaune namijin ya nuna mini dalili. Ya sauka kan wani ruɓaɓɓen kututture yana tsalle-tsalle, ya sa baki ƙarƙashin ɓawo ya ɓanɓaro shi, ya zaro wani ƙaton gizo-gizo, ya buga shi a itace sau da dama sannan ya haɗiye. Daga nan ya faɗa cikin busasshen ganye yana watsa shi gefe da gefe. Abincinsa ke nan: ƙwari, tsutsa, ƙananan ƙadangaru, kwaɗi. Abin da Kaka ke gani makamashin wuta, a wurinsa rumbu ne.

Akwai kuma ɓangaren da ba ya yi mini daɗi, amma dole in rubuta. Wajen la'asar ƙananan tsuntsayen da ke cikin shingen suka ɓarke da tsiwa, suna kai masa sura biyu-biyu. Sun san shi. Mai wannan murya yana fasa ƙwan wasu, yana ɗauke 'ya'yansu daga sheƙa, har mushe yana ci. Na tsaya ina addu'ar kada ya samu, kuma yau dai bai samu ba. Na san idan nasa suka ƙyanƙyashe, bakuna uku za su buɗe suna jira, kuma daga wani wuri za a ciko su. Wannan bai rage mini son a bar masa sheƙarsa ba.

Bayan magariba na kai wa Kaka shayi muka zauna. Na ce mata kwanci kwana 17 ne zuwa 18, miji da mata suna karɓa-karɓa, sannan 'ya'yan su yi mako biyu da 'yan kwanaki kafin su tashi. Ko yau aka fara, zuwa ƙarshen Nuwamba an gama. Ta yi shiru tana juya cokali, sannan ta ce ai tun mijinta na da rai ake wannan fiton a kwarin nan. Muka tsaya a kan haka: gobe za a share kewayen gida da magudanar rufi, a sare rassan da suka leƙo kan kwano, domin wannan ba abin jira ba ne. Rumfa za a bar ta zuwa Disamba. Kututturan can ƙasan kwari, waɗanda suka yi nisa da gini, ba za a taɓa su ba.

Da daren nan na tura wa Inna muryar da na ɗauka da asuba. Lokacin da na tura, su a Katsina ko azahar ba a yi ba, tunda awa 10 ke tsakaninmu. Ta dawo da saƙo tana cewa, “Tubarkalla! Wannan a keji yake ko a sake?” Na ce a sake yake, Inna. Ɗan Kaka zai iso ƙarfe takwas, ni ce mai riƙe tsani da kwashe ganye, kuma sai na tare shi tun a bakin ƙofa in nuna masa rumfar kafin ya tayar da inji.